Shekarar Kwanciyata da Kwalin Littattafan Madam

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare ƙuguna na hagu ya fara wani ciwo wanda ban saba da shi ba. Da sikila aka haife ni, kuma na san halinta tun kafin in san karatu. Takan zo ta yi kwana uku ko huɗu tana tauna mani ƙashi, a ƙara mani ruwa a asibitin garinmu Kankia, ta tafi. Wannan kuwa da ya zo bai tafi ba. Na fara ɗingishi, daga baya sai na dafa bango nake kaiwa banɗaki. Baba ya kai ni Katsina aka ɗauki hoton ƙashin. Likita ya ɗaga hoton a hasken taga, ya nuna mashi kan ƙashin cinyata, ya ce jini ba ya isa wurin sosai, ya fara lalacewa. Ya ce in daina taka ƙafar gaba ɗaya, kuma a kiyaye duk abin da zai sa in zubar da jini, don wanda ke jikina kaɗan ne. Baba ya tambaye shi har zuwa yaushe, ya ce shi ma bai sani ba.

Haka aka dawo da ni gida aka kwantar a gadon Inna. Shekaruna goma sha uku.

Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Daga inda nake kwance ina ganin rabin igiyar shanya da wani reshen dalbejiya, shi ke nan. Sauran duniya da kunne nake bin ta: hayaniyar 'yan makaranta da safe, motocin hatsi ranar kasuwa, masu tallar awara da yamma. Ƙawayena sun yi ta zuwa a makonnin farko, suna kawo mani littattafansu in kwafi darasi. Daga baya suka koma zuwa ranar Juma'a, sannan suka daina, kuma ban ga laifinsu ba, don ba ni da wani labari da zan ba su.

Inna ta binne yara biyu kafin ni, duka wannan ciwon ne ya ɗauke su. Saboda haka tsarona take yi kamar ƙwai. Ba ruwan sanyi, ba fanka, safa a ƙafata ko da ana tsananin zafi. In na yi tari sau ɗaya sai ta bar tukunya a wuta ta shigo. Ni kuwa haushin kwanciyar duk a kanta nake saukewa. In ta kawo abinci in ce ya yi gishiri, in ta gyara mani matashi in ce ta fama mani ciwo. Ba ta taɓa mayar mani da magana ba.

Muna da wata maƙwabciya 'yar kudu, Kirista, wadda kowa ke kira Madam. Mijinta ya yi aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ita kuma tana da shagon kayan masarufi a bakin titi. Ta fi shekara ashirin a garin, Hausarta ta nuna, sai dai har lokacin takan mayar da namiji mace in magana ta yi sauri. Wata rana da hantsi ta shigo da kwalin sabulu a ka, ta dire shi a gaban gadon, ta ce na 'ya'yanta ne, sun girma sun tafi sun bar mata, ɓeraye kawai ke karanta su.

Littattafan zane ne, sun kai talatin. Ban taɓa ganin irinsu ba. Kowane shafi an yanka shi gida-gida kamar fangalin albasa, a kowane gida akwai hoto, maganar mutanen kuma tana cikin wani farin kumfa da ke fitowa daga bakinsu. Da Turanci aka rubuta, Turancina kuwa a lokacin bai wuce na amsa tambayar malami ba, amma hotunan sun isa su ja ni. Har yau in na ji ƙamshin sabulun wanki haɗe da tsohuwar takarda, ɗakin nan nake tunawa.

Baba sana'arsa hatsi, yana sayen gero da dawa da gyaɗa a Kunduru da Kafinsoli yana kaiwa gaba. Da ya dawo ya ga littattafan baje a kan gado, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ce bai son hotunan mutane a ɗakin da majiyyaci ke kwance ana yi mashi addu'a, a mayar wa mai su. Inna ta ce to. Washegari da ya fita sai na ga ta taka kujera ta sauko da babbar kwallarta da ke can saman jere, ta buɗe, ga littattafan a ciki. Tun daga ranar haka muka riƙa yi: ya fita ta sauko da su, in la'asar ta yi ta mayar. Ban taɓa ganin Inna ta saɓa wa Baba ba kafin wannan, kuma ba mu taɓa yin zancen ba ni da ita.

Yawancin littattafan labarin jarumai ne, maza masu faɗin ƙirji da ƙaramin kai, wasu suna tashi sama, wasu suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Da farko na so su ƙwarai. Ina kwance amma ina tsallake gidaje masu hawa talatin. Bayan wata biyu sai na fara jin haushinsu. Za a maka mutum da bango har bangon ya rushe, a gida na gaba ya miƙe yana kaɗe ƙura, ba ɗingishi, ba wanda ya kawo mashi fo. Ni kuwa juyi ɗaya a gado sai na ciji leɓe. Akwai ranar da na yi jifa da ɗaya ya bugi ƙofa, Inna ta shigo ta ɗauka ta share shi da bakin zaninta ta ajiye.

A ƙasan kwalin akwai wani siriri, ba kala, baƙi da fari ne kawai, shi ya sa na bar shi ƙarshe. Labarin wata yarinya ce sa'ata a wani gari da ruwa ya ci. Ambaliyar ta same ta a saman bene tare da wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ba ta iya tashi daga gado, ga ta kuma da baƙin rai. Mai kwalekwale ya zo ta taga ya ce zai ɗauki yarinyar, amma tsohuwar ba yadda zai yi da ita sai an samu babban jirgi. Mai zanen ya nuna yarinyar ta riga ta sa ƙafa ɗaya a kwalekwalen. A gida na gaba ƙafar ce kawai aka zana, tana komawa ciki. Bayan nan shafi huɗu cur ba kalma ko ɗaya. Tagar nan ce dai a kowane gida, ruwa ya ɗan hau, ya ɗan sauka, inuwa ta matsa daga wannan bango zuwa wancan, yarinyar tana zaune, ko tana ba tsohuwar ruwa. An zana ta 'yar ƙarama a lungun gidan, sauran duk fili. A ƙarshe aka cece su bayan kwana shida. Masu ɗaukar hoto suka kewaye mai jirgin, yarinyar tana gefe lulluɓe da bargo, tsohuwar kuma ko kallonta ba ta yi ba.

Shafuffukan nan huɗu na fi daɗewa a kansu. Ban san ana iya zana jira ba sai da na gan su. Duk wanda ya yi zanen, na ce a raina, ya taɓa zama a ɗaki yana kallon inuwa.

Madam takan leƙo in ta rufe shago da azahar, in nuna mata kalmomin da suka gagare ni ta fassara. Da ta ga wanda na maƙale wa sai ta yi dariya, ta ce ɗanta na fari ya tsani wannan, wai ba jarumi a ciki. Ta ce ita ma dai ba ta ga abin da yarinyar ta yi ba, zama kawai ta yi.

Na ce, "Madam, ba ki san wuyar zama ba ne."

Ta dube ni, ta dubi gadon. Washegari ta kawo mani tsohon ƙamus na mijinta.

Ina wata na bakwai a kwance, damina ta zauna, Kaka mahaifiyar Baba ta zo daga Kaikai ta ƙasar Kusada. Ta yaye zanina ta tattaɓa ƙugun, ta ce asibiti sun yi nasu sun gaza, wannan mataccen jini ne ya taru, kuma akwai wanzami a garinsu da ya tayar da waɗanda suka fi ni. Ta ce a ba ta ni. Inna ta tuna wa Baba abin da likita ya faɗa game da jinina. Ina jin su daga tsakar gida, muryarta ƙasa-ƙasa, shi kuma amsa ɗaya yake maimaitawa, cewa Iya ce ta ce. Kaka ta ƙara da cewa Inna ta yi zamanta a gida, don taushin zuciyarta ne ya hana ni warkewa. Aka ɗauke ni a mota har Kusada, daga nan aka ɗora ni a amalanken shanu bisa katifa. Littattafan suna can cikin kwalla, ba halin in tambaya.

Kada a ɗauka Kaka muguwa ce. Gadonta ta bar mani ta koma tabarma. Da hannunta take dama mani fura da nonon da aka tatso a ranar, ta tsinko zogale ta yi mani kwaɗo. Yaran nan biyu da Inna ta binne ita ma jikokinta ne, ita ta yi masu wanka. So take ta ga na tashi, kuma ta yi imani da hanyar da ta sani.

Ɗakinta na ƙasa ne, ba taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi. Kwana biyu da zuwana wanzamin ya zo da safe da zabirarsa. Baffana, yayan Baba, ya danne mani kafaɗu, matarsa ta riƙe ƙafafuna. Ya tsattsaga fatar ƙugun da aska, ya kafa ƙaho ya zuƙa. Sau nawa ya yi ban sani ba. Na dai ga yana juye baƙin jini a kan yashi yana nuna wa Kaka, tana gyaɗa kai. Ya ce sau uku za a yi, mako-mako.

A makon nan na san jikina ya canza. In na ɗaga kai ɗakin ya juya. Tafin hannuna ya yi fari, zuciyata na bugawa kamar na yi gudu, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Ruwa kuma aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, har na ji ana cewa rafin da ke kan hanya ya cika, babur ba ya wucewa. Ina kwance ina kallon hasken da ke shigowa ta kafar nan yana tafiya a bango, sai na kama kaina ina yanka kwanakin gida-gida a cikin kaina, yadda mai zanen nan zai yi. Gida bakwai, ƙofa ɗaya, labule ɗaya. A gida na ƙarshe kuma ga zabira a bakin ƙofa. Ban ji wata jarumta ta shige ni ba. Tsoro kawai nake ji, da sanin cewa ba mai zuwa.

Ranar ta zo, wanzamin ya yi sallama ya shimfiɗa buzunsa. Baffa ya matso zai kama ni, sai na riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu. 

Na ce, "Kaka, likita ya ce jinina kaɗan ne. In aka sake ɗiba mutuwa zan yi. Ban yarda ba."

 A gidan nan yaro ba ya cewa bai yarda ba. Baffa ya ce ɗiyar birni ce, an sangarta ta, ya fara ɓanɓare yatsuna daga ƙarfen. Na ci gaba da faɗin kalmar nan ɗaya, har na ji ɗumi ya bi cinyata, ashe fitsari ne ya kufce mani a gaban kowa. Wanzamin ne ya ce a dakata. Ya matso ya ja fatar idona ƙasa ya duba, ya juya tafin hannuna, sannan ya ce a bar ta ta ƙara mako guda tana shan nono, zai dawo. Ya naɗe buzunsa ya fita.

Abin da na samu ke nan, mako guda. Kaka ba ta yi mani magana ba duk yinin, da yamma ta ajiye mani kunu ta fita. Matar Baffa ce ta canza mani zani, tana yi tana kallon ƙofa. Sai daga baya na san a ranar ta zagaya bayan rumbu ta kira Inna a waya.

Bayan kwana biyu, da hantsi, na ji sallamar Inna a tsakar gida. Na ɗauka zazzaɓin ne. Ta shigo jiƙe sharkaf har ƙirji, takalmanta a hannu. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ta ya tsaya a wancan gefen rafin, ita ta tsallako da ƙafa. Baba yana can wata kasuwa, bai san ta fito ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kaka yadda ta saba, ta tambayi gida da damina, sannan ta ce, "Iya, na zo in tafi da ita."

Kaka ta ce, "Da izinin wa?"

"Ba da izinin kowa ba, Iya. Ki yi haƙuri."

Kaka ta ce in ta fita da ni daga gidan nan to ta san abin da ta yi wa aurenta.  Inna ta kwance mayafinta. Ta juya mani baya ta tsuguna, matar Baffa ta taimaka aka ɗora ni, ta goya ni kamar jaririya, ƙafafuna na reto har gwiwarta. Ba wanda ya tare mu, ba kuma wanda ya raka mu. A cikin rafin ruwan ya kai mani ƙugu, tsagar ta yi ta zogi, Inna tana taka yashi a hankali tana karanta abin da take karantawa. Sau biyu ta yi tangaɗi. Ina jin bugun zuciyarta ta bayanta.

Asibitin Kankia muka wuce kai tsaye. Da suka auna ni suka ce sai an ƙara mani jini nan take. Aka kira Baba, ya zo da yamma, ya tsaya a ƙarshen gadon yana kallona, sannan ya naɗe hannun rigarsa ya bi wata ma'aikaciyar jinya. Nashi jinin aka sa mani.

Ba wanda ya yaba wa Inna. Dangin Baba suka ce ta wulaƙanta uwar mijinta, nata dangin suka ce ta yi ganganci da ta fita ba izini. Kaka ta aiko a sake ta. Baba bai sake ta ba, amma bai kuma tsaya mata ba. Kusan wata biyu ba ya yi mata magana sai ta dole, abincinta ma a zaure yake ci. Ni kuma aka mayar da ni gadon nan dai, tagar nan dai, na ƙara wata biyar.

A cikin watannin nan na sake karanta siririn littafin, yanzu da ƙamus a gefe, ina gane kowace kalma. Sai na ga abin da ya wuce ni a da. Duk tsawon lokacin na ɗauka ni ce yarinyar. Amma yarinyar tana da ƙafafu, kuma an buɗe mata hanya ta ƙi bi. Wadda ke kwance ba ta iya tashi, tana tsawa, tana ture kofin ruwa, ita ce ni. Na lura kuma da yadda aka zana idon tsohuwar a duk gidan da yarinyar ta juya baya: a buɗe yake, yana bin ta, cike da tsoron kada ta tafi. Na rufe littafin na daɗe ina kallon Inna ta ƙofa, tana tsugune tana wanke mani fo a bakin rariya. Na so in ce mata wani abu. Da ta shigo abin da ya fito daga bakina shi ne ta miƙo mani ruwa.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Ta gajarta kaɗan, na fara tafiya da sanduna biyu, daga baya ɗaya, kuma da ita nake tafiya har yau. Na koma makaranta aji biyun da na bari, cikin yaran da a da nake aika. Madam ta koma garinsu bayan mijinta ya yi ritaya. Baba da Inna sun shirya a hankali, ba tare da wani zama ba, wata rana dai na ji yana tambayarta ra'ayinta a kan farashin gyaɗa.

Kaka ba ta sake taka gidanmu ba har ta rasu, shekara huɗu bayan nan. Inna takan dafa abinci ta ba Baba ya kai mata, ta karɓa, amma ba ta aiko da godiya. Sau ɗaya na koma Kaikai tana da rai, da wata ƙaramar salla, na bi Baba. Na same ta ta rame, tana zaune a bakin ƙofar ɗakin nan tana ɓarar gyaɗa. Da Baba ya fita gaisawa da mutane sai ta ce in matso. Ta ɗaga gefen zanina ta dubi tabon tsagar, layi-layi a ƙuguna, ta shafa su da babban yatsanta. Ta tambaye ni ko yana yi mani ciwo har yanzu. Na ce wani lokaci, in hadari ya haɗu. Ta ce ita ma gwiwoyinta haka suke yi mata. Sannan ta tura mani ƙwaryar gyaɗar gabana, muka ci gaba da ɓara har aka kira azahar.